Shekarar da Na Shuka Dankali a Tsakar Gida

To, ɗiyana da jikokina, ku aje abin da ke hannuwanku, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mai da muku. Ga ta nan tafe, amma wagga ba tatsuniya ba ce, mutanen cikinta duk kun san su. Ni ban shiga lakwal ba, ban yi boko ba. Autata Zainabu, wadda ke koyarwa a Filinge, ita ke riƙe da alƙalami, na kuwa ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta yi mini kwalliya. Abin da ya sa na zaunar da ita, na ji abin da kuke faɗi in kun haɗu wurin suna ko biki: wai Kaka ta raba gida saboda dankalin turawa. Awo, an raba gida, dankali kuma shina ciki. Amma ku ji yadda anka yi daga bakin wadda ta riƙe hauyar.

Garinmu kun san shi, cikin kwari yake, kusa da Bonkuku, inda in ka haƙa ƙasa tsawon mutum biyu ka iske ruwa. Da can hatsi da wake kaɗai munka sani. In an gama kaka, maza su ɗaure kaya su tafi cin rani. Sai noman garka ya shigo, dankalin turawa ya biyo shi, kakanku kuwa shina cikin na farkon da sunka gwada. Da ƙarfinsa ya fara raguwa ya miƙa garkar ga ɗanmu na fari. Ba zan faɗi sunansa ba, kun san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun shina goye nake ce masa Babba, a nan ma Babba zan ce. Mutum ne mai aiki, ba wanda zai ce ya taɓa ganin rana ta fito ta iske shi kwance. Jan dankali yake shukawa, wanda 'yan kasuwar Yamai ke so, don ba ya farfashewa cikin mai, ba ya kuma lalacewa a hanya. Ni a lokacin, in an ce dankali, to dankali ne. Ban san kowane da halinsa ba.

Ana nan, ana nan, wata shekara cikin sanyi, ana tsakiyar haƙar dankali, kakanku ya tafi garka ya duba aiki. Ya duƙa zai ɗauki kwando, bai tashi ba. A amalanken jaki anka kawo shi gida, daga nan mota ta kai shi likita a Filinge. Da anka sallamo mu, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Abin da ya fi duka, maƙogwaronsa ya daina karɓar tuwo. In ya kai loma sai ta tsaya, ya yi ta tari har idanunsa su yi ja. Likita ya ce a ba shi abu mai laushi. Munka shiga dama kunu, safe kunu, rana kunu, maraice kunu. Ya sha kwana bakwai. Ran na takwas na kai ludayi bakinsa, ya datse haƙora ya juya fuska wajen bango.

Ku da ba ku san shi da lafiyarsa ba, ba za ku gane ba. Mutum ne da ke cewa kunu na mai jego ne da jinjiri. Shekara da shekaru ina tuƙa masa tuwo, in ya yi ruwa kaɗan sai ya ture akushi. Yanzu ga shi kwance, matarsa na ɗura masa abin jinjirai a gaban surukarsa. Ba ciwon ke kashe shi ba, kunya ce da baƙin ciki. Na dube shi na san in ban samo abin da zai ci ya ji shi mutum ne ba, da hannunmu za mu wanke shi kafin ruwan fari ya sauka.

Sai na ce bari in gwada dankali, tunda ga shi jibge a zaure. Na ɗebi ja, na fere, na dafa har ya nuna. Na danna da ludayi, ya rabe biyu ya tsaya, santsi gare shi kamar sabulu. To mu matan Kurfai, in abu ya ƙi laushi, wuri ɗaya munka sani. Na juye shi a turmi na ɗauki taɓarya. Ina daka shina haɗewa, ina daka shina danƙo, har ya koma kamar ƙaro, in ka ja sai ya biyo hannu. Na ce ai laushi ke nan. Na kai masa. Loma ɗaya ya yi, ta liƙe masa a wuya. Da yatsana na zaro ta, shina shure-shure da ƙafarsa mai rai. Ran nan na zauna bayan ɗaki na yi kuka, kukan da ban yi ba ran da ya faɗi.

Kwana biyu bayan haka na ji Rabi, matar Babba, tana faɗa da tukunya a madafa. Rabi mace ce mai baki, amma cikinta fari ne.

"Inna, zo ki ga ikon Allah! Na zuba dankali a miya, na je ɗebo ruwa, na dawo babu dankali. Ko aljanu sun fara cin cefane?"

Na leƙa. Miyar ta yi kauri, dankalin duk ya narke a ciki, sai 'yan gutsattsari.

"Wane kika ɗiba?"

"Wancan na kusurwa, wanda 'yan Yamai sunka ƙi. Cikin irin bana anka yi kuskuren akwati ɗaya, ba ja ba ne. Ɗanki ya ce a ba awaki, ni kuwa na ce awaki ba su fi ni ba."

Na ɗauki uku na dafa da ruwa zalla. Tun suna cikin tukunya fatarsu ta tsage, cikinsu ya buɗe fari fat, burus-burus kamar garin hatsi da anka tankaɗe. Ban kai shi turmi ba, na riga na koyi wannan karatun. Da bayan ludayi na murƙushe shi, na sa man shanu da ɗan gishiri, na zuba miyar kuka a gefe. Na mulmula shi na aje a akushinsa na tuwo, ba a ƙwaryar kunu ba. Na ce masa, "Malam, wanga ba irin na rannan ba ne. Wanga mai gaari ne, duba, kamar garin tuwo." Ya daɗe shina kallo. Sannan ya miƙa hannun hagu, hannun da bai taɓa cin abinci da shi ba, ya gutsira. Ya kai baki. Lomar ta wuce. Ya ƙara. Ya ci rabi ya kwanta.

Washegari da hantsi ina wajen rijiya, ashe ya yi ta kiran Rabi da harshen nan nasa mai nauyi. Tun da ya kwanta bai nemi komai ba sai ran nan. Kun san garin tuwo ja masa baki ake yi, garin mutane kuwa a taƙaice ake faɗinsa, shi kuma harshensa ba ya iya jan komai. Rabi ta kasa kunne ta ji shina cewa, "Maigari. Maigari." Ta dafe ƙirji. Mutumin da ke kwance in ya nemi maigari, ai wasiyya zai bari. Ta fita da gudu ba ko lulluɓi. Kafin in dawo da tulu gida ya cika, mata sun fara sharɓar kuka, liman na zaune, ga maigari da sandarsa da rawaninsa ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ga ni, abokina. Faɗi abin da ke ranka, ga shaidu."

Kakanku ya dube shi sama da ƙasa, ya girgiza kai.

"Maigari," in ji shi.

"Ai ni ne. Ko ciwon ya taɓa idon?"

Kakanku ya ɗaga hannun hagu ya ture gwiwar maigari gefe, kamar mai kore kaza, ya nuna madafa. Nan take na gane. Na aje tulu na ce, "Ranka ya daɗe, ba kai yake nema ba. Na tukunya yake nema." Da na yi bayani maigari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

"Shekara nawa ina riƙe da garin ga, yau an tuɓe ni an naɗa dankali! To a dafa mini nawa, in ga wanda ya gaje ni."

Kowa ya yi dariya, har kakanku, da rabin bakinsa. Ni ban yi ba. Ina tsaye ina kallon tarin nan na kusurwa, ina auna kwana nawa zai kai mu.

Bai kai mu da nisa ba. Na binne shi cikin yashi a ɗaki mai sanyi, ina yayyafa ruwa a ƙasa, amma zafin bazararmu ba ya barin dankali. Wani ya tsiro, wani ya ruɓe, kafin damina ta kankama ya ƙare. Babba ya yi ƙoƙarinsa, kada wani ya ce bai yi ba. Da ya je Yamai ya cika mini leda da dankali mai farar fata, ya ce ga fari na kawo. Na dafa, ya fito sumul kamar ƙwai, ko tsagewa bai yi ba. A nan na san ba a fata abin yake ba. Akwai fari mai santsi, akwai fari mai gari, sai tukunya ke raba su. Daminar nan da kunu da nono da roƙo na riƙe kakanku. Kullum sai na yi masa alkawari kafin ya buɗe baki. Ya rame har ina iya juya shi ni kaɗai.

Kwanci tashi anka yanke hatsi, lokacin sayen iri ya zo. Na iske Babba a zaure shina gyaran injin ban-ruwa. Na ce masa ina son ya ware mini fangali huɗu a garka, ya sa irin baƙon akwatin nan na bara.

"Inna, ban ma san sunansa ba. Kuskure ne anka yi, ba za a sake ba."

"A nemo."

"Ko an nemo, wa zai saya? Garkar ga ita ke riƙe da gidan ga duka. Na riga na yi magana da mutumin Yamai mai sayen dankalinmu, ja yake so, fangali duka. In na saɓa masa bana, baɗi ba zai tsaya ƙofarmu ba. Iri ai iri ne, Inna. A dafa masa ja ya daɗe a wuta."

Ban san lokacin da ya fita daga bakina ba. Na kira sunansa. Sunansa na yanka, wanda tun ran da liman ya raɗa masa a kunne bai taɓa ji daga gare ni ba. Ƙarfen da ke hannunsa ya faɗi. Ya ɗago ya dube ni kamar na mare shi a kasuwa.

Na ce, "Ubanka zai mutu da yunwa a gidan da dankali ke cika zaure."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, a hankali, "Garka dai ba zan iya ba, Inna."

"To na ji. Ba zan sake tambaya ba."

Ran kasuwar Bonkuku na ba da tunkiyata ga wani maƙwabci ya kai mini kasuwar Baleyara ya sayar, ya ba ni abin da zan riƙe kafin nan. Na ɗaura ƙaramar tukunyata da 'yan itace a zane, na hau amalanke zuwa Bonkuku. Na iske rumfar wani Buzu dogo mai sayar da iri, Agali sunansa, akwatuna jere a gabansa, kowane da rubutun Nasara a jiki.

"Inna, wane iri kike so? Faɗi sunansa."

"Ban san sunansa ba. Halinsa na sani."

"Halinsa? Miji kika zo nema ko dankali?"

"Ba ni ɗaya-ɗaya daga kowane akwati."

Ya ba ni shida shina murmushi. Na yi wa kowane alama da wuƙa, wanga zane ɗaya, wanga biyu, har shida. Na jera duwatsu uku a gefen rumfarsa na hura wuta. Agali ya tashi tsaye.

"Subhanallahi! Inna, wanga na shuka ne, da magani a jikinsa, ba a ci!"

"Ba ci zan yi ba, ɗana. Tambayarsu zan yi."

Mutane sunka taru. Wata mai sayar da ƙosai ta ce tsohuwa ta buɗe gidan abinci da dankali shida. Wani ya ce a kira ɗiyanta su zo su tafi da ita. Ni dai ina zaune ina tura itace. Ruwa ya tafasa, ya ƙara tafasa. Biyar sunka nuna sunka tsaya da fatarsu, ko gezau. Mai zane huɗu kuwa ya tsage ta tsakiya ya buɗe, ruwan ya yi fari. Na tsamo shi na murza tsakanin yatsuna, ya zube burus. Na ɗaga wa Agali.

"Wanga."

Ya duƙa ya murza shi ma. Sannan ya ce, "Shekara nawa ina sayar da su da suna, yau na ga wadda ta saya da tukunya." Ya auna mini rabin akwati, ya ƙara mini da hannunsa, ya kuma koya mini in yanka kowane yadda gutsure zai tashi da ido biyu, in barbaɗa toka a wurin yankan, in bar shi inuwa ya sha iska kafin ya shiga ƙasa.

Iri ya samu, sauran ƙasa. Gidanmu wuri ɗaya ne rana ke zama tun safe har la'asar, kusa da rijiya, inda a da nake ɗaure awaki, ƙasar ta sha taki ta yi baƙi. Amma a daidai wurin nan Babba ya jibge bulon siminti. Shekara uku shina tara su kaɗan-kaɗan, zai gina wa Rabi da ɗiyanta ɗaki bayan haƙar dankali, har ya ja layi da ƙafa ya kafa turaku. Na san haka sarai. Ba zan ce muku ban sani ba. Ran da ya tafi garka da asuba na fara kwasa, bulo ɗaya-ɗaya a kai, ina jerawa a bakin katanga. Rabi ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Inna, ɗakina ne fa kike kwashewa."

"Na sani, ɗiyata."

"In ya dawo gidan ga ba zai ɗauke mu ba."

"Na sani."

Ta tsaya tana kallona na kai biyar, na kai shida. Sai ta yi tsaki ta gyara ɗaurin zane.

"Aje, kada wuyanki ya karye a ce ni na kashe ki. Ni zan ɗauka, ke ki tsige turakun. In ya tambaya zan ce ban ga komai ba, ina barci."

Da la'asar Babba ya shigo ya iske inda ɗakinsa zai zauna an tayar da kunya takwas. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya ya dubi kunyoyin, ya dubi bulonsa, ya dube ni da hauya a hannu. Ya ce, "Da kin faɗa mini." Na ce, "Da ka hana." Ya ce, "Awo, da na hana." Bayan kwana uku ya kawo amalanke ya kwashe bulon zuwa filinsa na bakin hanya. Can ya yi gininsa, can ya kai iyalinsa. Ga raba gidan da kuke ji. Ba wanda ya kori wani, ba wanda ya zagi wani. Wuri ɗaya ne, mu biyu muna buƙatarsa, ni na riga ɗauka.

Na sa anka jawo tabarmar kakanku bakin ƙofa, inda zai ga kunyoyin. A nan na ga abin da ban yi tsammani ba. Mutumin da ya yi wata da watanni shina kallon bango, ran da tsiron farko ya fasa ƙasa sai ga shi ya dogara da gwiwar hannu shina leƙe. Manomi ne, ba ya iya ganin ana ɓata aiki ya yi shiru. In na cika ruwa sai ya buga sanda a ƙasa. In kaji sun shigo shi ke fara gani, har na kewaye wurin da ƙaya da tsohuwar zana. Da ganye ya kai tsawon taƙi ya yi ta nuna mini da hannu, shina tattaro iska zuwa ƙirjinsa, sai da na gane cewa yake in tara ƙasa a gindin kowane, don wanda rana ta gani kore yake zama, ba ya ciyuwa. Guga nake ja safe da maraice. Bayan nan nawa da kuke gani a tanƙware, a bakin rijiyar nan na baro miƙewarsa. Shi kuma kunun da yake ƙi, sai ya fara sha ba roƙo, idonsa na kan ganyen.

Amma jikinsa na ta raguwa, ni kuma haƙurina ya gaza. Da dankalin ya yi fure, wajen wata biyu da shuka, na ce bari in saci kaɗan. Na tura hannu a gindi na lalubo biyar, ƙanana kamar ƙwan zabuwa, fatarsu na saluɓewa da yatsa. Na dafa. Na zauna ina jiran su tsage. Ba su tsage ba. Na ƙara wuta har ruwa ya ƙone. Na danna ɗaya da ludayi, ya rabe biyu, santsi, ruwa-ruwa, kamar jan nan da ya kusa kashe shi.

Ɗiyana, ran nan na zauna gaban tukunyar ina lissafi. Na ba da tunkiyata, na kira sunan ɗana, na tashe shi daga gidan ubansa, ashe a kan irin banza. Na ce ko Agali ya musanya mini akwati, ko ni na ɓata ƙirgan zane. Na ɗauki tukunyar na kai gaban kakanku na aje, don ban iya ɓoye masa ba.

"Malam, na yi kuskure. Ba shi ba ne."

Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya murza fatar da babban yatsa ta saluɓe. Ya dube ni, irin kallon da yake yi mini in na sa gishiri ya yi yawa. Ya buɗe baki da ƙyar.

"Jinjiri."

"Me?"

"Jin-jiri ne." Ya nuna ganyen, kore shar. Ya nuna busasshen karan zana. Ya nuna guga, ya kaɗa yatsa.

Na gane. Dankalin ne bai ƙosa ba. Sai ganye ya yi rawaya ya kwanta, sannan in ɗauke masa ruwa ya bushe a ƙasa. Garin ba ya shiga cikinsa sai ya tsufa. Amma ko gaskiya ne, ko lallashina yake, ban sani ba, kuma ba yadda zan sani sai na jira. Wata guda na yi ina jira. Ban sake tura hannu ba. Kullum in duba ganye in duba fuskarsa, ina tambayar Allah wanne zai riga kwantawa.

Ganye ya yi rawaya. Na ɗauke ruwa kwana goma. Ran na goma sha ɗaya da hantsi na sa hauya a kunyar farko, a gefe, a hankali. Sunka fito manya, fatarsu ta kama, ko ka murza ba ta motsi. Ban tsaya haƙe sauran ba. Na wanke uku na sa a wuta na zauna a gabanta. Rabi ta zo ɗaukar turmi aro ta iske ni, ta zauna ita ma. Ruwa ya tafasa. Sai na ga fatar ɗaya ta ja, ta tsage, farin ciki ya leƙo.

Rabi ta rangaɗa guɗa har maƙwabta sunka leƙo ta katanga.

Na murƙushe, na sa man shanu, na mulmula a akushi, na kai masa. Ya ci da hannunsa. Ya cinye, ya suɗe yatsu, ya tura mini akushin ya ce, "Ƙara." Kalmar ta fito sarai, ba karkata.

Kakanku ya ƙara shekara uku a duniya. Kowace kaka na tayar da kunyoyina, na kuma koyi shuka su kashi biyu, da tazara, don ya daɗe shina ci. Ya yi ƙiba kaɗan, har ya koma zama a zaure ana gaishe shi. Cikin damina ya rasu, bayan sallar azahar, da cikinsa a ƙoshe. Allah ya jiƙansa. Maigari ya bi shi bayan shekara ɗaya, ƙanensa ke riƙe da garin yanzu. Agali ya tsufa ya bar kasuwa, an ce ya koma wajen dabbobinsa. Rabi na nan da bakinta, ita ke aiko mini da tuwo kullum, ta kuma iya raba dankali tun kafin ya shiga tukunya, na miya daban, na tsofaffi daban. Babba bai dawo gidan ga ba. Garkarsa ta yi albarka, mutumin Yamai bai daina tsayawa ƙofarsa ba. Kowace Juma'a yakan zo ya durƙusa ya gaishe ni, mu yi maganar ruwa da hatsi da lafiyar yara. Maganar waccan shekara ba mu taɓa tayar da ita ba, shi bai ce na yi daidai ba, ni ban ce ya yafe mini ba. Kada in ji ɗayanku ya ɗora masa laifi. Shi gida yake tsaro, ni mutum ɗaya nake tsaro.

Ni kuwa ga ni, ido ya rage, baya ya tanƙware, ba na iya jan guga. Na yi kewar ɗana a tsakar gidan ga fiye da yadda bakina zai iya faɗi. Amma da za a mai da ni safiyar nan, a tsayar da ni gaban bulon nan, a ce Kaka zaɓi, da na duƙa na ɗauki na farko na ɗora a kai.